Da Hannu Biyu Ake Karɓar Sanda

Alade ne ya kai Afiniki Kulob ɗin Barewa na 'yan gudu, ba wani abu ba. Wata Alhamis a farkon daminar 1975, aladen gwaggonta ya tsinke igiya ya nufi layin dogo, ita kuma ta ajiye ɗinkin da take koyo, ta tattare zane ta bi shi. Malam Obadiah, malamin motsa jiki da duk Kafanchan ke kira Koci, yana bisa kekensa ya ga mutum ta wuce shi fuu, ba ko takalmi. Ya taka keke, ya ƙara takawa, bai cim mata ba sai da ta riga ta danne aladen a bakin kwalbati tana zaginsa da yarensu. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Ke, gobe ƙarfe huɗu ki same ni a fili."

Shekarunta goma sha tara, 'yar Kagoma ce. Ubanta Baba Kumai manomin citta ne, kuma da kyar ya yarda ta zo gari koyon ɗinki. Da labarin gudu ya kai masa, sai ya aiko da saƙo ta bakin direban mota: shi a saninsa gudu sana'ar ɓarawo ce, amma ya ba ta zuwa lokacin haƙar citta. In gudun ya kai ta wani wuri, to. In bai kai ta ba, ta tattaro kayanta har da keken ɗinkin ta dawo gida, hannu ya yi masa kaɗan. Duk wanda ya taɓa wuni a gaban tulin citta yana tsagawa har yatsunsa su yi raɗaɗi ya san me saƙon nan yake nufi. Afiniki ta sani, tun tana 'yar shekara bakwai take yi.

Koci kuwa ya riga ya sa mata rai. Ya ce a ƙarshen Oktoba za a yi gasar yanki a nan filin gari, kuma 'yan mata huɗun da suka ci gudun miƙa sanda za a ɗauke su zuwa sansanin jiha a Kaduna. Can akwai ɗaki, akwai abinci sau uku, har aikin gwamnati ana ba mutum don kawai ya iya gudu. Afiniki ta lissafa watanni a yatsunta, ta ga Oktoba na gaban haƙar citta da 'yan makonni kaɗan.

Abin da Koci bai gaya mata ba shi ne Sista Scholastica.

Scholastica ce kyaftin. Tafireta take bugawa a ofis, shekara shida tana kulob ɗin, kuma ubanta Mista Nicholas shi ne ciyaman. Doguwa ce, ta iya gudu ba laifi, ta kuma iya kallon mutum tun daga ƙafa har kai a hankali, sai ka ji kamar ka taka kashin kaza ka shigo mata ɗaki. A bayanta akwai Mildred da Edna, waɗanda in ta yi dariya su yi, in ta ɓata rai su riga ta tsaki. Ran da Afiniki ta fara zuwa, Scholastica ta toshe hanci ta ce, "Koci, wannan ce Mai-aladen?" Shi ke nan suna ya zauna.

Dokokin kulob ba a rubuce suke ba, a ka ake koyar da su, da ranƙwashi. Sabuwa ita ke ɗauko bokitin ruwa daga famfo. Ita ke wanke safar siniyoyi, ita ke goge musu takalman gudu masu ƙusa, amma ba ta sa su, don guda uku ne kuma an yi wa ƙafafun manya su. In an buɗe gwangwanin gulukos, siniyoyi su lasa, ita ta riƙe murfi. Duk wannan da sauƙi. Babbar doka ita ce ta karɓa: duk abin da siniya ta miƙo miki, ko ɓawon lemo ne ta ce ki zubar, sai kin fuskance ta, kin durƙusa, kin sa hannu biyu, kin ce, "Na gode, Sista." In kin manta ɗaya daga cikin huɗun, Mildred na nan da ƙullin yatsunta.

Afiniki ta sha ranƙwashi har ƙeyarta ta yi taurin kwakwa. Ta yi kuka a bayan famfo ya fi sau goma, ta tsani Scholastica tsana mai tsanani, tana kuma tsoronta fiye da yadda take tsoron maciji. Amma in ta tuna tulin citta sai ta share hawaye ta ɗauki bokiti. Kafin wata biyu gwiwarta ta koyi aikin da kanta. Har wata rana a kasuwa Edna ta miƙo mata jaka ta riƙe, ta tsinci kanta durƙushe cikin taɓo a gaban masu sayar da acca.

Rigima ta gaske agogon Koci ne ya jawo ta. Agogo ba ya sanin 'yar ciyaman. Kullum aka gwada mita ɗari sai ya nuna Afiniki, ƙafa tsirara, ta bar Scholastica da taku biyar. A gudun miƙa sanda kuwa wadda ta fi kowa gudu ita ake ajiyewa a ƙarshe, kuma shekara huɗu Scholastica ce a wurin, ita ke tsinka zare, ita ake ɗauka a hoto. Koci ya kwana uku yana neman bakin da zai faɗi maganar. Daga ƙarshe ya ce wa Scholastica ai zango na uku shi ne mai kwana, kuma kwana sai gogaggu, ba a ba ƙauyawa. Scholastica ta karɓi yabon, amma ba ta yafe ba.

Yanzu ke nan ita za ta riƙa miƙa wa Mai-alade sanda.

Koci ya nuna wa Afiniki yadda ake yi. In kika ga mai kawo sanda ta taka alamar nan, ki juya mata baya ki fara gudu, ki miƙa hannun hagu ta baya, kada ki waiwaya, za ki ji sanda ta faɗo tafinki. Afiniki ta yi yadda aka ce. Ta ji sanda kuwa, amma a bayan yatsu, ƙwal!

"Ni za ki ba ƙeya?" in ji Scholastica, tana huci. "Ƙeya da hannun hagu? A gidanku haka kike karɓar tuwo a hannun uwarki?"

"Haba Kyaftin," in ji Koci, "ai haka dokar wasan take."

"Koci, ka bari kawai. Yau in na bar wannan ta wuce, gobe da ƙafa za ta karɓa."

Wasa-wasa sai da maganar ta kai gaban kwamiti. Aka zauna ranar Asabar da rana a wani aji, manya sun matse gwiwa a bencin yara. Mista Nicholas a gaba, kusa da shi Madam Angelina shugabar zumuntar mata, mace mai murya kamar ƙararrawar majami'a. Koci ya zo da littafinsa na horo, ya buɗe shafin da aka zana mace tana karɓar sanda ta baya, ya zagaya da shi. Mista Nicholas ya gyara tabarau ya duba bangon littafin.

"Wa ya rubuta?"

"Bature ne, Ciyaman."

"To ka gani. Mutanen da ke kiran ubansu da sunansa."

Madam Angelina ta ce ita ba ta san wasa ba, amma ta san bin na gaba bin Allah ne, kuma in aka koya wa yarinya ba manya ƙeya a fili, wata rana a gidan miji za a ga sakamako. Wani dattijo ya kawo shawarar a juya tsarin, babba ta riƙa karɓa a hannun ƙarama, sai aka tuna agogo. Wani ya ce ko a riƙa ajiye sandar a ƙasa ta ɗauka, Koci ya ce za a kore su. Awa uku ana abu ɗaya. Afiniki na tsaye a waje bakin taga, ba wanda ya tambaye ta ko da tari.

Ga hukuncin da aka yanke, kuma sakatare ya rubuta shi da kyakkyawan rubutu: a lokacin tirenin, ƙarama za ta karɓi sanda yadda tarbiyya ta tanada, ranar gasa kuma za a duba yanayi.

Koci ya buɗe baki, ya tuna cewa takardun canjin wurin aiki na malamai ta teburin Mista Nicholas suke bi, ya kuma tuna akwai ƙauyukan da keke ma sai an ɗauke shi a ka ake kai shi. Ya rufe bakinsa ya ce hukunci ya yi kyau.

Haka aka yi wata uku ana tirenin da ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka ƙirƙiro gudu. Edna ta tashi, ta miƙa wa Mildred a guje, Mildred ta miƙa wa Scholastica a guje, don su sa'o'in juna ne, ƙeyarsu ba ta da laifi. Scholastica ta sha kwana ta iso, ta tsaya cak. Afiniki ta durƙusa, hannu biyu, "Na gode, Sista," sannan ta tashi ta zuba. 'Yan ƙwallon da ke jiran a ba su fili har sun haddace, da sun ga an iso wurin sai su haɗa baki, "Na gode, Sistaaa!"

Ranar gasa gari ya cika. An ja layuka da baƙin mai a kan ciyawa, an kafa rumfar manyan baƙi, 'yan Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Fadan Kaje sun zo a manyan motoci da ganguna. A rumfa akwai wani Mista Gilbert da aka turo daga Kaduna, mai baƙin tabarau da ɗan littafi a hannu. Duk wanda ya wuce gabansa sai ya gyara tafiya.

Saura kaɗan a fara, Koci ya ja Afiniki bayan rumfa, yana waige-waige kamar mai sayar da kayan sata.

"Yau fa ba durƙuso. Ki ba ta baya, hannun hagu, ki tafi. Kin ga layin nan na biyu? Dole sanda ta shiga hannunki kafin ki ƙetare shi, in ba haka ba an kore mu."

"Koci, ka gaya wa Sista?"

"Ai ta sani. Ta san yanayi."

Wato bai gaya mata ba. Ana fafe gora ranar tafiya, kuma ma a ɓoye. Afiniki ta tafi wurin da za ta jira sanda, tana addu'a a zuci, Ubangiji ka taɓa zuciyar Sista na minti ɗaya tak, daga nan ka mayar mata da abarta.

Aka buga katakon fara tsere, aka tashi. Edna ta yi abin kirki. Mildred ta ƙara tazara. Scholastica kuwa, a faɗi gaskiya, ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Ta sha kwanar nan ta bar 'yar Fadan Kaje da taku goma sha biyu, sauran ma ba a maganarsu. Filin ya ɗauki ihu, "Barewa! Barewa!" Afiniki ta ga ta taka alama, ta juya baya, ta miƙa hannun hagu, ta fara gudu. Kaduna na nan a gabanta, mita ɗari kacal.

Taku ɗaya, biyu, biyar. Tafinta wayam. Tana jin numfashin Scholastica a wuyanta, amma ba sanda.

Ita Scholastica ba faɗuwa take nema ba, kada a yi mata ƙarya. Ta dai waiwaya ne ta auna tazarar da ta ba sauran, ta ga akwai rarar da za a yi tarbiyya da ita a gaban mutanen Kaduna.

"Ke Mai-alade! Juyo!"

Layi na biyu na gaban Afiniki, saura taku uku. Ta ja birki har ciyawa ta tuge. Ta juyo. Daga nan kuma ba ita ta yi sauran ba, gwiwa ce ta yi abin da aka koya mata wata shida. Ta durƙusa a tsakiyar fili, ta ɗaga hannu biyu, ta ji bakinta yana cewa, "Na gode, Sista."

Fili ya yi tsit, sannan ya fashe. Wasu na dariya har da faɗuwa, tsofaffin mata na rangaɗa guɗa, mai lasifika ya manta yana riƙe da ita ya ce, "Kai, jama'a!" Mutum huɗu suka wuce ta tana ƙasa.

Ta tashi. Abin da ta yi bayan nan, waɗanda suka gani har suka tsufa suna ba da labari. Ta kama 'yar Kwoi kafin mita talatin. Ta wuce 'yar Zonkwa, ta wuce 'yar Kagoro, tana gudu tana kuka, sanda a damƙe. Ta cim ma 'yar Fadan Kaje daidai bakin zare, suka shiga tare. Alƙalai uku suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, aka ce ƙirjin 'yar Fadan Kaje ya riga da kamar faɗin tafi.

Tana zaune a ciyawa ba ta gama haki ba ta ga takalmin Mista Gilbert a gabanta. Ta miƙe da sauri. Kafin ya yi magana an kewaye su: Koci, Mista Nicholas, Madam Angelina, da Scholastica wadda ta zo ta dafa kafaɗarta kamar yaya mai tausayi.

"Yarinya, ya sunanki?"

"Afiniki Kumai, Oga."

Ya rubuta. Ya cire tabarau ya dube ta.

"Shekara tara ina wannan aiki, ban ga ƙafa irin taki ba. Ina da gurbin mutum ɗaya na mita ɗari. Amma ki gaya mini gaskiya. Wa ya ce ki durƙusa? In sa ki aka yi, wannan ciwon kulob ne, na san maganinsa, jibi ki shiga jirgin ƙasa zuwa Kaduna. In kuwa ke kika ga dama, ba zan kai wa jiha mai tsayawa gaisuwa a tsakiyar tsere ba."

Gaskiyar na kan harshenta, kalma ɗaya ce, suna ɗaya. Ta dubi Koci, Koci na duba usur ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ta dubi Mista Nicholas, ya ɗaga gira. A kafaɗarta kuma farce huɗu suka fara nutsewa a hankali, fuskar mai su ɗauke da murmushi. Ta yaya za ta tona babba a gaban baƙo, a gaban uban babbar? Ta so ta faɗa, Allah ya sani ta so. Ƙeyarta ta fara zafi tun ba a taɓa ta ba.

"Ba wanda ya sa ni, Oga," ta ce, murya can ƙasa. "Haka muka saba."

Mista Gilbert ya jira ko za ta ƙara. Ba ta ƙara ba. Ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya mayar da tabarau, ya ce, "Allah ya kyauta," ya tafi wurin 'yan Fadan Kaje.

Kada ka ce ta tashi a banza. Wajen raba kyaututtuka Madam Angelina ta karɓe lasifika ta ce yau an ga abin da ya fi kofi, an ga 'yar da ta zaɓi ladabi a kan duniya. Nan take aka ƙirƙiro kyautar da ba ta cikin tsari, aka ba Afiniki bokitin ƙarfe sabo da sabulu sanda biyu. Mista Nicholas ya yi jawabi na minti ashirin a kan yadda Kulob ɗin Barewa ke gina hali kafin ƙafa. Scholastica ta tsaya kusa da ita aka ɗauki hoto. Da aka watse ta ce mata, "Da kin tashi da wuri da mun ci. Kin cika nawa," Mildred kuma ta ƙara mata ranƙwashi ɗaya na sallama.

Sati biyu bayan nan motar Kagoma ta sauke ta da akwatinta da kan keken ɗinki. Ta zo da shirin jin gori, sai ta tarar da Baba Kumai a bakin hanya cikin rigarsa ta zuwa sujada, baki har kunne. Labari ya riga ta isowa. Fasto ya yi wa'azi da ita ran Lahadi, ya sa uban ya miƙe tsaye an tafa masa.

"'Yata ke nan!" in ji shi, ya karɓi akwatin da kansa, abin da bai taɓa yi ba. "Da kin ci gudun nan, me za a ce? Ƙafa ce, ko kare yana da ita. Amma wannan da kika yi, gida ne. Yau na san na haifa."

Ya yanka zakara. Afiniki ta zauna gaban kwanon tana hawaye, ya dube ta ya ce wa uwarta a bar ta, daɗi ne ya yi mata yawa.

Ran Litinin aka fara haƙar citta. Har aka gama tsagawa da shanya a shekarar, iyaye mata na turo 'ya'yansu su zauna kusa da Afiniki su koyi hali. Ita kuwa ba ta taɓa ce musu uffan ba, kanta a sunkuye tana ta aiki da wuƙa. Wannan ma aka ce ladabi ne.